Kashi Tara da Rabi

Shekara goma sha bakwai ina yi wa cibiyar binciken tattalin arziki aikin tattara farashi, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake yin aikin. Ranar da aka ɗauke ni, an miƙo mini fom da biro, aka ce Talatar farko ta kowane wata in shiga kasuwa in rubuto kuɗin kaya arba'in da biyu, daga shinkafa zuwa sabulu, daga ƙwai zuwa gawayi. Iyakar horon da na samu ke nan. Da akuya aka ba wa fom ɗin ita ma da ta iya, in dai ba ta cinye shi a hanya ba.

Mu huɗu ne a wannan aiki. Ni aka ba wa manyan kasuwanni uku na tsakiyar gari, inda rabin mutanen garin ke cefane, sauran ukun suka raba ƙananan na gefe. Ɗaya daga cikinsu, wanda muke kira Na-Inuwa, ya fi shekara biyar rabonsa da kasuwa. Yana da benci a gindin bishiyar da ke bayan ofis. Nan yake zama ya duba abin da ya rubuta a watan jiya, ya ɗora wani abu a kai gwargwadon zafin mitar da matarsa ta yi masa da safe kan kuɗin cefane. Na daɗe ina raina mutumin nan. A ganina ni ce mai tsoron Allah, ni ce mai shiga rana da cunkoso, shi kuwa albashin banza yake ci.

Ni dai ba na wasa da aikina. 'Yan kasuwa ba sa son mai tambaya ba ta saya; ka yi musu haka sau biyu, a na uku ko sallamarka ba za su amsa ba. Don haka ranar aikin nake haɗawa da sayayyar gida. Ciniki kuwa, ba yabon kai ba, na iya shi. Ban taɓa biyan kuɗin da aka fara faɗa mini ba, ko na allura ne. In mai kaya ya ce goma, ji nake kamar ya zage ni. Tun ina sabuwar zuwa suka laƙaba mini Sai-an-rage, sunan ya bi ni har kasuwa ta uku. Abin da na biya, shi nake rubutawa a fom. To me zan rubuta, ƙarya?

Duk takardunmu a teburin Dakta suke ƙarewa. Dakta shi ne babban masanin tattalin arzikin cibiyar, wani siririn bawan Allah mai tabarau, ga ladabi kamar wanda ya zo neman aure. A ƙasashe biyu ya yi karatu. Ka tashe shi daga barci ka tambaye shi bashin da ake bin ƙasar nan, zai faɗa maka har da kuɗin ruwan da ya hau tun da ya kwanta. Amma bai taɓa sayen albasa da hannunsa ba. Uwarsa ta saya masa har ya girma, sannan ta miƙa shi ga matarsa. Ofishinsa yana hawa na uku, tagogi a buɗe saboda na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun kafin zuwansa, takardu duk an danne su da duwatsu da kofunan shayi kada iska ta kwashe. Wutar ginin ma kamfani ya sha yanke ta. A nan yake zaune yana rubuta bincike kan tsadar makamashi, yana fifita da babi na biyu.

Shekara biyu ya kwashe a kan binciken nan. Babi huɗu ne: farashin kaya, kuɗin mai da wutar lantarki, bashin gwamnati, sai haɓakar tattalin arziki. Abin da ya fi alfahari da shi wani al'ajabi ne da ya gano shi kaɗai a duniya. An ninka kuɗin fetur, an ƙara kuɗin wuta sau biyu, kaya sun yi tashin gwauron zabi a ko'ina, amma a manyan kasuwannin tsakiyar gari sai suka ɗan motsa kawai. Ya zana mana a allo: layi uku suna hawa sama, ɗaya yana rarrafe a ƙasa. Mai rarrafen nawa ne. Ya raɗa wa abin suna "juriyar babbar kasuwa", ya ce gasar da ke tsakanin 'yan kasuwa ce take danne farashi. Har an gayyace shi taro a ƙasar waje don ya je ya yi bayani. Ranar da ya nuna zanen ya yaba mini a gaban kowa, ya ce Malama ce kaɗai alƙalumanta ke da tsabta. Na kalli Na-Inuwa ta wutsiyar ido, na gyara zama.

A bar Dakta a nan, a zo ga Baba. Mahaifina tsohon ma'aikacin kamfanin wutar lantarki ne, shekara talatin da ɗaya yana hawa turakun waya yana haɗa wa mutane haske. Yanzu ƙwan fitila ɗaya yake kunnawa, shi ma sai ta zama dole. Yana zaune a ɗaki ɗaya da 'yar baranda a wani gidan haya bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A gidan aka haife mu, a ɗakin nan Inna ta rasu. Kullum da safe abokansa 'yan fansho uku suke haɗuwa a barandar, su kunna rediyo, su gyara wa duniya zama har azahar. Shi yake dafa shayinsa, shi yake kulle ƙofarsa, ba mai tambayarsa ina za shi.

A farkon shekara mai gidan ya aiko cewa daga wata na bakwai kuɗin haya zai ƙaru. Ya ce shi ma ba a son ransa ba, komai ya tashi. Fanshon Baba ba zai ɗauki ƙarin ba. Amma akwai doka: in farashin kaya ya tashi da kashi goma cikin ɗari ko fiye a shekara, ana ƙara wa 'yan fansho gwargwadon tashin; in bai kai goma ba, ko sisi. In ƙarin ya zo, Baba zai ci gaba da zama a ɗakinsa. In bai zo ba, sai gidana, don mu biyu ya haifa kuma ƙanwata tana aure a nesa. Gidana kuwa gidan surukinsa ne, kuma Baba ya gwammace ya kwana a kan turken waya da ya zauna ana zuba masa abinci a gidan suruki.

"Ke da kike rubuta musu farashin," ya ce da ni wata rana, "ai ya wuce goma ko?"

"Baba, ko makaho ya san ya wuce goma."

"To shi ke nan. Ki bar zancen share mini ɗaki a gidanki."

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa masa. Ni ma ina shan tsadar. Mijina tela ne, rabin yini yake zaune yana kallon keken ɗinki saboda ba wuta, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Ban taɓa haɗa biron da ke hannuna da ɗakin Baba ba. A wurina ni rubutu nake yi, lissafi kuwa na manya ne.

Wata Litinin Dakta ya tara mu ya faɗi sakamakon shekara. Kashi tara da rabi. Na ɗaga hannu.

"Dakta, rabin nan da ya rage, ba za a ɗan cika shi ba? Ko a matsayin gyara?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Dakta ya yi murmushi irin na malamin da ɗalibarsa ta yi tambayar yarinta.

"Malama, ba a yi wa ilimi gyara. Alƙaluma ne suka yi magana, kuma akasarinsu naki ne."

Har a lokacin, Allah ya yafe mini, yabo na ji a cikin maganar.

Za a buga rahoton da hoton kasuwa a bango. Dakta ya ce tunda gobe Talatar farko ce, zai bi ni ya ga juriyar babbar kasuwa da idonsa, ya ɗauki hoton da kansa. Motar ofis ba mai, muka hau ta haya. Direba ya faɗi kuɗi, Dakta ya ciro ya ba shi bai ce uffan ba, ni kuwa na kau da kai don kada zuciyata ta buga. Da kwat ya zo, da takalmi mai sheƙi, ya shiga layin masu man girki yana taka ƙasa a hankali. Muka tsaya a rumfar wani dattijo mai man girki da na fi shekara goma ina saye a wurinsa. Dakta ya riga ni magana.

"Malam, nawa galan?"

Mai mai ya dubi kwat, ya dubi takalmi. "Dubu goma, ranka ya daɗe." Sai ya hango ni a baya, fara'arsa ta ragu. "A'a, Sai-an-rage. Yau kuma da lauya kika zo mini?"

"Shugabana ne a wurin aiki. Nawa ka ce galan?"

"Ke ai kin sani. Tara ake sayarwa."

"Biyar."

"Albarka. Ko uwar kuɗi ba ta fito ba. Kin san nawa na biya mota daga tasha zuwa nan?"

"Ni ba mota na zo saye ba. Biyar da rabi."

Daga nan na manta da Dakta gaba ɗaya. Na buɗe galan na shinshina, na yamutsa fuska. Na ɗaga shi sama na ce man ya yi duhu. Na tuna masa cewa maƙwabcinsa ya gaishe ni da fara'a da nake wucewa. Ya rantse da iyayensa, na tambaye shi lafiyar iyali, ya ce suna nan suna jiran in talauta ubansu. Na gyara mayafi na juya, na yi taku uku, ban kai ga na huɗu ba ya kira ni.

"Dawo, dawo. Kawo bakwai, don dai ke ce. Galan nawa yau?"

"Sha biyu."

Na ciro fom, na dafa shi a kan jarka, na rubuta dubu bakwai da kyakkyawan rubutuna. Da na ɗago sai na ga Dakta yana leƙen takardar.

"Malama, me kika rubuta?"

"Dubu bakwai."

"Amma ya ce tara."

"Ya ce tara, na biya bakwai. Ai kana tsaye."

"Galan sha biyu kuma na me? Gidan abinci gare ki?"

Mai mai ne ya amsa masa. "Ai rabin unguwarsu take yi wa sayayya, ranka ya daɗe. Da galan ɗaya ta fara. Da aka ƙara kuɗin fetur sai ta koma huɗu, matan maƙwabta suka riƙa haɗo mata kuɗi tunda sun san halinta. Da aka ƙara na wuta, takwas. Yanzu sha biyu. Kuɗin sari nake ba ta. In ban ba ta ba, ta koma wurin wancan munafukin."

"Ke nan duk lokacin da rayuwa ta ƙara tsada…" Dakta bai ƙarasa ba.

"Sai maƙwabta su ƙaru," na ce, "ni kuma in ƙara matsa wa masu kaya. Dole ce ta sa." Ina faɗa ina jin daɗin kaina.

Muna cikin haka wata tsohuwa ta iso da 'yar kwalba a hannu. Aka tsiyaya mata rubu'i, ta kwance bakin zane ta biya, ba ta taya ba, don ba a taya rubu'in kwalba. Na ga leɓen Dakta yana motsi.

"Ita a kan dubu sha ɗaya galan ta saya," ya ce. Ya juyo gare ni. "Shinkafa ma haka kike yi?"

"Buhu uku."

"Sukari? Sabulu? Gawayi?"

"Duka arba'in da biyun, Dakta. Ni ba na ha'inci a aiki."

Ya waiwaya yana neman wurin zama, ya zauna a kan wata jarka mai maiƙo da kwat ɗinsa da komai. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Babi na ɗaya," ya ce a hankali. "Da na biyu." Ya sake duban fom ɗin. "Da na huɗu." Mai mai ya ɗauka rasuwa aka yi masa, ya ce Allah ya ji ƙansu.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ba wata juriyar kasuwa, ni ce. Layin nan da ke rarrafe a allo bakina ne, da matan unguwarmu goma sha ɗaya. Kuma rabin da ya hana tara da rabi zama goma, a irin wannan rumfar na zaftare shi, wata bayan wata, ina murna. Hoton dai ba a ɗauka ba.

A ba Dakta haƙƙinsa, bai ɓoye ba. Kwana uku ya duƙufa a kan aikin. Ya cire alƙalumana, ya sake lissafin da na sauran ukun, ya koma kasuwa shi kaɗai ya tsaya yana kallon abin da mutane ke biya. Ya fito da kashi goma sha biyar. Ya kuma gano cewa a cikinmu huɗu, alƙaluman Na-Inuwa ne suka fi kusa da gaskiya. Ashe matarsa ta fi kwamfutar cibiyar sanin hauhawar farashi. Ranar ta huɗu ya ce in biyo shi wurin Daraktan cibiyar.

Ofishin Darakta kaɗai ke da sanyi a ginin, yana da ɗan janaretonsa a bayan taga. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, bai kuma taɓa yi wa kowa abin da ya roƙa ba. Ya saurari Dakta har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu ya jawo wani littafi mai ƙura daga kanta, wai littafin ƙa'idar tattara farashi, wanda sai ranar na san akwai shi. Ya buɗe, ya bi layi da yatsa.

"Ga abin da aka ce: a rubuta kuɗin da mai saye ya biya. Malama, kin biya ko ba ki biya ba?"

"Na biya, ranka ya daɗe."

"To, Dakta, ina matsalar?"

"Ranka ya daɗe, ita kaɗai ce ke biyan wannan kuɗin a duk garin nan."

"Wannan laifin sauran mutanen gari ne da ba su iya ciniki ba. Cibiya ba za ta ɗauki alhakin sakacinsu ba." Ya rufe littafin, ƙura ta tashi. "Faɗa mini, in muka ce sha biyar, me zai sami babinka na huɗu?"

Dakta ya yi bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa. Kafin a ce arzikin ƙasa ya haɓaka, sai an cire tashin farashi daga cikin lissafin. Da tara da rabi, an samu haɓakar kashi uku. Da sha biyar, ukun nan ta tafi, har ta ci cikin uwar kuɗi.

"Madalla. Masu ba mu rance kuma suna isowa mako mai zuwa, sun riga sun ga tara da rabi, sun ga uku. In suka ga wannan sabon lissafin naka fa?"

"Za su ƙara kuɗin ruwa. Ko su fasa."

"Ka ga ai ka fi ni sani."

Ina tsaye a gefe ina saurare. Ashe haɓakar nan da ake shirin yi wa shela, ni na haɓaka ta a rumfar mai man girki. Da na san nauyin ƙasa gaba ɗaya a wuyana yake, da na nemi a saya mini ko takalmin shiga kasuwa ne.

"Ranka ya daɗe," Dakta ya ce, "sunana ne a bangon rahoton."

"Sunanka ne kuma a takardar tafiyarka taron nan. Ga ta nan a kan teburina tana jiran sa hannu."

Dakta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, har yanzu da tabon mai a jiki. Na jira. Na tabbata mutumin da ya ce ba a yi wa ilimi gyara zai ce wani abu. Ya kuwa ce.

"Ko za a iya sa ɗan bayani a ƙasan shafi?"

"Sosai ma kuwa. Ilimi ai ba ya tafiya sai da bayanin ƙasan shafi."

Nan na kasa haƙuri. Na ce, ranka ya daɗe, mahaifina ɗan fansho ne, rabin nan da ya rage shi ne ɗakinsa. Na ba shi labarin mai gida da ƙarin haya, da shekara talatin da ɗaya a kan turke. Ban taɓa roƙon mutum a tsaye haka ba.

"Allah sarki," Darakta ya ce, kuma da gaske fuskarsa ta nuna tausayi. "Dukanmu can za mu. Ki gaishe mini da shi da kyau. Amma kin tuna mini wani abu. Tunda ke ce ke bin ƙa'ida, sauran ukun ne ke karya ta. Daga wata mai zuwa ke ce shugabar masu tattara farashi. Ki koya musu yadda ake yi."

Kuɗin hayar Baba ya zo mini a rai, bakina ya riga hankalina. "Da ƙarin albashi, ranka ya daɗe?"

"Ƙarin albashi ai sai farashi ya tashi da kashi goma, Malama. Kin fi kowa sanin bai tashi ba."

A kan matakala Dakta ya tsaya, bai kalle ni ba. "Malama, ki yafe mini. Ban iya ba."

"Ba komai, Dakta. In ka je taron ka gaishe mini da juriyar babbar kasuwa."

Na faɗa masa haka ne don in ji sanyi a raina, amma ban ji ba, don ni ma ban iya ba. Na san ƙofar gidan jarida, ta gabanta nake wucewa kullum in zan koma gida. Ranar har na rage tafiya. Na tuna 'ya'ya huɗu da keken ɗinkin da ba wuta, na wuce. Tsoro na ji, ba wani suna da zan sa masa. Rahoton ya fito da hoton wata kasuwa da ba ta garinmu ba. Bayanin Dakta yana shafi na ɗari biyu da sha biyu, da ƙananan baƙaƙe, yana cewa an tattara wasu farashin ta hanyar hulɗa kai tsaye da masu sayarwa.

Ina barandar Baba ranar da aka karanta a labaran rana, na kai masa kasonsa na mai da sukari. Mai karanta labarai ya ce an shawo kan hauhawar farashi a kashi tara da rabi, tattalin arziki kuma ya haɓaka da kashi uku, yana faɗa da murya irin ta wanda aka yi wa haihuwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi wata ashar da ban zaci haƙoransa sun isa su riƙe ta ba. Wani ya ce a tambayo masa unguwar da haɓakar nan ta sauka, ko da ƙafa ne zai je ya gaishe ta. Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Rabi," ya ce. "Rabi kawai."

Da abokansa suka watse na ce masa ni da baban yara za mu riƙa cika masa kuɗin hayar.

"Da me? Da kuɗin makarantar jikokina?" Ya tattara kofunan shayi. "Ki share ɗakin."

Mijina, Allah ya saka masa, ya kwashe yadukansa da tsohon keken ɗinki daga ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, ya yi fenti, ya sa sabon labule da ya ɗinka da kansa. Duk abin da ya ƙara, sai Baba ya ƙara yin shiru. Ranar ƙarshe ta wata na shida mijina ya aro motar ɗaukar kaya, muka je da safe. Kayan ba su da yawa: akwati biyu, rediyo, tukunyar shayi, tsohuwar ɗamarar hawa turke da hular kwano da ya ƙi yarda a zubar. Tsofaffin nan uku sun zo sun tsaya a baranda, kowa yana ba da shawarar yadda za a ɗaure kaya, ba wanda ya taɓa igiya. Mijina yana waje yana jera akwatuna. Saura gadon ƙarfe a ɗakin, da ni da Baba.

Ya tsaya yana kallon wurin da akwatin Inna ya bar alama a siminti. Sannan ya ce, "Ki yi mini wani taimako, ke da kike ganin manyan ofishinku kullum. Na san ke gaskiya kike kai musu, ni na rene ki. Wanda yake karɓar takardarki ya rage abin da kika rubuta, shi nake so in gani. Ba zaginsa zan yi ba, na girmi zagi. So nake kawai in tambaye shi ko yana da iyaye."

Da na yi shiru da zancen ya wuce, zai mutu yana tsine wa wani mutum da babu shi. Amma na gaji.

"Baba, ba wanda ya rage. Ni ce."

Na faɗa masa duka, galan sha biyu, buhu uku, matan unguwa, tsohuwa mai 'yar kwalba. Bai katse ni ba.

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa."

"Suka ce me?"

"Suka ƙara mini girma."

Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. A waje mijina yana tambaya ko akwai sauran kaya. Baba ya sunkuya ya kama ƙafar gadon.

"Kama ta can," ya ce. "Ki bi a hankali a bakin ƙofa, kada mu goge wa mutane bango."